Yadda za ka kalli zanen gida da lambu na ƙarni na 19 a wayarka har ka gane me ke ciki

Akwai wani rukunin zanen fenti da aka yi a Turai tsakanin 1800 da 1900 wanda in ka fara ganinsa za ka ce to wai me aka yi a nan? Mace na zaune a gindin bishiya tana saƙa, wata na wanke wa yaro ƙafa, wasu biyu na shan shayi a falo, shikenan. Ba yaƙi, ba sarki a kan doki, ba wanda ke gudu. Yawancinmu kallo ɗaya muke masa mu ja sama. Amma shirun nan da kake gani shirya shi aka yi, wani ya zaɓi abin da zai saka da abin da zai ɓoye, kuma hutun da waccan matar ke yi akwai wanda ya sha wahala kafin ta same shi. Ga yadda ake bi a gano hakan, daga kan waya kawai, ba sai ka je Paris ba. Sunayen masu zane da na zanukan zan bar su yadda ake rubuta su saboda ka iya kwafa ka nema.

Mataki na farko: nemo hoto mai kyau, ka duba girmansa

Kar ka yarda da hoton da ya sha yawo a Facebook ko WhatsApp, an matse shi, kalarsa ta mutu, wani lokacin ma an yanke gefe. Je shafin gidan tarihin da zanen yake. Metropolitan na New York ya buɗe hotunansa kyauta tun 2017, Art Institute na Chicago da National Gallery of Art na Washington su ma suna bari ka sauke babba ba ko sisi. Na Faransa kuma da yawa suna Musée d'Orsay a Paris, in shafinsu ya yi maka nauyi sai ka gwada Google Arts & Culture ko Wikimedia Commons. Sauke shi sau ɗaya lokacin da kake da data mai araha, ka kashe wannan jan hasken dare na waya domin yana mayar da fari ya koma ruwan ɗorawa. Ɗan gargaɗi, shafukan nan akwai zanen tsiraici a cikinsu, don haka ka rubuta sunan zanen kai tsaye maimakon ka yi ta lilo, musamman in yara na kusa.

Sai ka duba girman da aka rubuta a ƙasa, waya tana mayar da komai ɗaya. Femmes au jardin na Claude Monet tsayinsa ya kai mita biyu da rabi, ya fi ƙofar ɗaki. Le Berceau na Berthe Morisot kuwa santimita 56 ne kacal. A wancan lokacin babban kyallen zane na manyan labarai ne, na tarihi da addini da sarauta, saboda haka saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ɗauko irin wannan girman a 1866 ya zana mata huɗu suna tsinkar fure, tsokana ce tsagwaronta. Alƙalan Salon, wato babban baje kolin zane na Paris, suka ƙi karɓarsa a 1867.

Mataki na biyu: minti biyu ba karatu

Kafin ka karanta bayanin gidan tarihi, kalli zanen kawai, ka faɗa wa kanka abin da ke ciki da baki. Mutum nawa, ina suke, safe ne ko yamma, wa ke tsaye wa ke zaune, ina idonka ya fara sauka. In ka fara da karatu to idon wani za ka ara.

Mataki na uku: labari ake ba ka ko haske ake nuna maka?

Wannan ya kamata ka raba tun da wuri don kallonsu ba ɗaya ba ne. Masu zane na Ingila a zamanin Sarauniya Victoria suna son labari, su cika ɗaki da alamomi kamar kacici-kacici. Nemo The Awakening Conscience na William Holman Hunt, 1853, yana Tate a Landan. Falo ne mai kyau, namiji na zaune gaban fiyano, mace na miƙewa daga jikinsa tana kallon waje. Zuƙo hannunta na hagu, zobba na nan amma babu na aure. Leƙa ƙarƙashin tebur, kyanwa ta danne tsuntsu. A ƙasa ga safar hannu an yar. A madubin bayanta kuma ana hango lambu cike da haske ta taga, can take kallo. Wato ajiye ta aka yi a gidan, kuma yanzu ne hankalinta ya dawo. Irin wannan karanta shi ake yi kusurwa-kusurwa, kowane tarkace da ma'anarsa.

Na Faransa daga wajen 1860 zuwa gaba, su Monet da Morisot da Renoir da aka fi sani da Impressionists, ba haka suke ba. In ka tsaya neman me kaza ke nufi a lambun Monet za ka ɓata lokacinka, kaza ce kawai ta zo wucewa. Su damuwarsu yadda rana ta sauka a kan riga a daidai wannan lokacin. Ni dai ɓangaren nan ya fi kama ni, na Hunt da zarar ka warware shi ya ƙare, waɗannan kuwa kullum sai ka ga sabon abu.

Mataki na huɗu: bi haske, sannan ka leƙa cikin inuwa

Nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Koma kan Femmes au jardin. Nemo inda rana take fitowa ta hanyar bin inuwar da ta ratsa hanyar lambun ta hau kan farar rigar matar da ke zaune a ƙasa da lema. Yanzu zuƙo wannan rigar sosai. Inda rana ta taɓa fari ne tas, inda inuwa ta faɗa kuma ba baƙi ba ne, ba ruwan ƙasa ba ne, wani shuɗi-shuɗi ne mai toka, kamar farin yadi da aka ɗan cika wa bula. A makarantun zane na lokacin ana koyar da a yi inuwa da duhun ruwan ƙasa saboda a ɗaki ake aiki. Monet a waje ya yi mafi yawan wannan, a lambun gidan da ya kama haya a Ville-d'Avray, har rami ya haƙa yana saukar da kyallen ciki don ya iya zana saman ba tare da ya canza inda idonsa yake ba. Kuma mata huɗun nan mafi yawansu mace ɗaya ce, Camille Doncieux wadda ya aura daga baya, ita ke canza riga tana sake tsayawa. Ka ga kenan ba wai ya tarar da su suna hutawa ba ne. Shi kansa a lokacin bashi ya yi masa katutu, abokinsa Frédéric Bazille ne ya sayi zanen faran 2,500, kuɗin Faransa na lokacin, yana biya faran 50 duk wata. A 1921 gwamnatin Faransa ta saye shi daga hannun Monet faran 200,000.

Me ya sa a wannan ƙarnin ne aka fara fita waje haka? Kayan aiki ne suka canza. Da can fenti niƙa shi ake yi a ɗura a mafitsarar alade, a huda a matsa, ragowar ya bushe. A 1841 wani Ba'amurke mai zane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar ɗan bututun ƙarfe mai laushi da ake matsawa a rufe, sai fenti ya shiga jaka. Masana'antu kuma suka fito da sababbin kaloli, shuɗin da a da sai an niƙa dutse mai tsada daga Afganistan aka fara haɗa shi a Faransa wajen 1828, wani kore mai ƙarfi da ake kira viridian ya shigo kasuwa a 1859. Ga kuma Michel-Eugène Chevreul, masanin sinadarai da ke shugabantar sashen rini a masaƙar Gobelins, wanda a 1839 ya bayyana cewa kala tana canzawa a ido gwargwadon maƙwabciyarta, ja kusa da kore ya fi ja, shuɗi kusa da ruwan lemo ya fi shuɗi. Shi ya sa za ka yi ta ganin jan fure a tsakiyar korayen ganye, ko jan maficin hannu a kan ciyawa. Duk zanen lambun da ka buɗe, nemo wannan ɗigon jan, ka rufe shi da yatsa ka ga yadda wurin ke yin sanyi.

Gwaji kuma mai sauƙi: shanya farin kyalle da la'asar, rabi a rana rabi a inuwa, ka tsaya ka kalle shi da kyau. Ɓangaren inuwa zai ɗauko shuɗin sama, in akwai ganye kusa ya ɗauko kore. In ka taɓa ganin wannan da idonka sau ɗaya, zanukan nan sun daina yi maka kama da ƙarya.

Sannan ka riƙa wasa da nisa. Zuƙo har sai fure ya koma shafe-shafen buroshi marasa kan gado, ka sake janyewa ya dawo fure. Morisot ta fi kowa ƙarfin hali a nan, wasu wuraren ma ba ta rufe kyallen ba.

Mataki na biyar: hannu da ido

A zanen cikin gida fuska ba ta cika faɗin komai ba, hannu ne ke magana. Buɗe Le Berceau na 1872. Edma ce, yayar Morisot, zaune kusa da gadon jaririyarta Blanche. Hannunta ɗaya ta yi tagumi da shi, ɗayan yana riƙe da bakin labulen shara-shara da ya rufe gadon, kamar tana jan shi tsakaninmu da 'yar. Duba yadda jaririyar ta lanƙwasa nata hannun kusa da kai, daidai da na uwar. Fuskar Edma ba murmushi, ba kuka, gajiya ce ko tunani, ba a yanke maka hukunci ba. Abin da zai ƙara maka nauyin kallon shi ne ita ma Edma mai zane ce, tare suka koya da ƙanwarta har suka kai aikinsu Salon, da ta yi aure a 1869 ta ajiye buroshi. An nuna zanen a baje kolin farko na ƙungiyar Impressionists a 1874, ba a saya ba, ya zauna a hannun dangi har 1930.

Sai The Child's Bath na Mary Cassatt, 1893, a Chicago. Mace cikin doguwar riga mai ratsi-ratsi ta ɗora yarinya a cinya, hannu ɗaya ya zagaye ƙugunta, ɗayan yana cikin kwanon ruwa yana cuɗa ƙafa. Yarinyar ta dafa gwiwar matar. Su biyun duk ƙasa suke kallo, ba wanda ya san da kai. Lura daga ina kake kallonsu: daga sama, kamar kana tsaye a kansu, har dardumar ƙasa ta miƙe kamar bango. Wannan ta ɗauko shi ne daga zanen bugu na Jafan da aka yi babban baje kolinsa a Paris a 1890. Kuma kar ka yi saurin cewa uwa da 'ya ne, Cassatt ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, sau da yawa mata da yaran da ba su da alaƙa take haɗawa su zauna mata.

In kana son ganin zaman da ya yi tsami ba tare da an ce uffan ba, nemo The Tea nata na wajen 1880 a Boston. Mai hula da safar hannu baƙuwa ce, kofi ya rufe mata baki, mai gidan ba hula, ta sa hannu a haɓa tana kallon wani wuri. Kayan shayin azurfa da ke gaba sun kusa fin matan girma.

Mataki na shida: tambayi wa ya share wurin

Wannan tambayar ita ce mabuɗin gaba ɗaya a ganina. Farar riga mai jan ƙasa a kan ciyawa, wa zai wanke ta ya goge? Hanyar lambu ba ganye ko ɗaya, wa ya share? Hutun nan na masu hali ne na birni, 'yan kasuwa da lauyoyi da manyan ma'aikata, waɗanda jirgin ƙasa ya ba su damar kama gida a bayan gari. Layin fasinja na farko daga Paris an buɗe shi a 1837, garuruwa irin su Argenteuil, inda Monet ya zauna daga 1871 zuwa 1878, suka zama tafiyar 'yan mintuna daga tashar Saint-Lazare. Argenteuil ɗin nan akwai masana'antu da hayaƙi, in ba ka gansu a zane ba to juya musu baya aka yi.

Wasu kuma ba su ɓoye ba, su za ka nema don ka daidaita ido. Morisot ta zana mata suna shanya a Gennevilliers a 1875, can nesa ga hayaƙin masana'anta, zanen yana Washington. Wajen 1880 ta zana mai shayarwar da ta ɗauka haya tana ba 'yarta Julie nono a lambu, wato ita uwar tana aikin zane, wata matar na aikin raino, duka a kan jaririya ɗaya. Camille Pissarro yana da The Little Country Maid na 1882, 'yar aiki na shara yaron gida na zaune a tebur. Gustave Caillebotte, wanda shi ɗan masu kuɗi ne sosai, ya zana ƙanensa na karatu a inuwar bishiyoyin lemo a gidansu na Yerres a 1878, ya kuma zana masu ban ruwa a lambun kayan miya na gidan. Duba gefe-gefe ma, domin baƙaƙen mata sun yi aiki a gidajen Paris, musamman bayan an soke bauta a yankunan mulkin mallakar Faransa a 1848. A wani zanen Édouard Manet na yara a lambun Tuileries akwai baƙar mai raino a gefen dama, Bazille kuma a 1870 ya zana baƙar mace da furanni ita ce ma a tsakiya. Sai a 2019 Musée d'Orsay ya yi baje koli na musamman a kan irin waɗannan mutanen.

Dalilin da ya sa mata masu zane irin su Morisot da Cassatt suka fi zana gida shi ma ba wai zaɓi ne zalla ba. Mace mai mutunci a ajinsu ba ta zama a gidan shan kofi ita kaɗai ta yi zane, babbar makarantar zane ta gwamnati kuma ba ta karɓi mata ba sai 1897, shekara biyu bayan rasuwar Morisot. A takardar mutuwarta an rubuta ba ta da sana'a.

Mataki na bakwai: ɗauki lambun a matsayin abin da aka gina

Furannin da kake ɗauka na Faransa ne da yawansu baƙi ne, dahlia daga Meziko ta zo, chrysanthemum daga Sin da Jafan. Monet ya koma ƙauyen Giverny a 1883, ya sayi gidan a 1890, a 1893 ya sayi fili a tsallaken layin dogo ya nemi izinin jawo ruwan wani rafi ya yi tafki. Mutanen ƙauyen suka yi ƙorafi wai baƙin tsirrai za su lalata ruwan da dabbobinsu ke sha. Ya dai samu izini, ya yi odar bado masu kala daga wurin Latour-Marliac, mutumin da ya nuna irinsu a babban baje kolin Paris na 1889, ya ɗauki ma'aikatan lambu, ya gina gada irin ta Jafan, a 1899 ya zauna ya yi ta zana ta. Wato sai da ya shuka abin da yake son gani tukuna. In kana cikin waɗanda ba su son hoton mutum, waɗannan na gada da bado babu kowa a ciki, za ka iya yin duk aikin haske da inuwa a kansu.

Mataki na takwas: jera biyu

Ido ya fi koyo in ya kwatanta. Mafi daɗin gwaji shi ne na wata rana a damunar 1874 a lambun Monet. Manet ya zo yana zana Camille matar Monet da ɗanta Jean a kan ciyawa, Monet na sunkuye yana kula da furanni, zakara da kaza da ɗan tsako na gefe, sai ga Renoir ya iso ya ari kayan aiki shi ma ya zana su. Na Manet yana Metropolitan da sunan The Monet Family in Their Garden at Argenteuil, na Renoir yana Washington da sunan Madame Monet and Her Son. Sauke duka biyun ka riƙa juyawa. Manet ya ja baya ya kwaso lambun da maigidan, Renoir ya matso ya yar da maigidan ya bar uwa da ɗa da zakara ɗaya. Duba wa ya fi kula da fuska, wa ya fi kula da ciyawa, a wanne yaron ya fi kama da wanda ya gaji da zama.

In wannan ya zauna, haɗa masu nisa. Ɗauki Carnation, Lily, Lily, Rose na John Singer Sargent, wanda ya yi a ƙauyen Broadway na Ingila tsakanin 1885 da 1886, yara mata biyu na kunna fitilun takarda a cikin furanni, 'yan mintuna kawai yake samu kullum da almuru kafin hasken da yake so ya gushe, shi ya sa aikin ya shiga shekara ta biyu. Ka ajiye shi kusa da ɗaya daga ɗakunan Vilhelm Hammershøi na Kofanhegan, ruwan toka da fari, ƙofofi a buɗe, matarsa Ida ta juya baya. A na Sargent nemo inda hasken fitila mai ɗumi ya haɗu da shuɗin magariba a kan fararen rigunan yaran, a na Hammershøi kuma ƙirga kalar toka nawa za ka iya rabewa a bango ɗaya, ka ƙara hasken wayar zuwa ƙarshe kafin ka fara don in ya yi ƙasa duk za su haɗe su zama ɗaya.